Ina Marubuta Ke Samo Abin Rubutawa?

A garuruwan Ƙonni da Malbaza da Illela mutane da yawa sun shiga ajin yaƙi da jahilci, maza da mata, manoma da makiyaya. Sun koyi baƙi da wasali. Yau suna iya rubuta sunansu. Suna iya rubuta yawan damman geron da suka sa a rumbu. Suna iya aika wa ɗansu da ke ci-rani takarda, ba tare da wani ya ji asirin gida ba. Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne.

To, amma akwai wata tambaya da takan biyo baya. Mutum ya karanta littafi mai daɗi, ko ya ji ana rera rubutacciyar waƙa a rediyo, sai ya ce a ransa: shin mutanen nan ina suke samo wannan magana? Wasu su ce baiwa ce, ba a koyonta. Wasu su ce gado ne. Wasu ma su ce ai kowane mai waƙa yana da aljanin da ke raɗa masa a kunne da dare. Da wannan zato sai mutum ya rufe kayensa, ya mai da bik aljihu, ya ce wannan ba aikin talaka ba ne.

Abin nan da ke faɗo wa mutum a rai, ya ji yana son ya tsara shi ya zama labari ko waƙa, malamai na kiransa ilhama. Gaskiya ne baiwa daga Allah take, kuma wani ya fi wani. Amma in aka bi tarihin manyan marubuta ɗaya bayan ɗaya, za a tarar da abu uku tare da su. Sun san inda ake neman ilhama. Sun san yadda ake tare ta in ta zo. Sun kuma san yadda ake renonta har ta nuna. Ukun nan duka ana koyonsu, kamar yadda ake koyon noma da kiwo.

Darasin tassa

Manoman Illela da Badagishiri sun fi kowa sanin fako. Ƙasa ce mai tauri kamar daɓe. Ruwan sama na sauka a kanta daidai da yadda yake sauka a gonar kirki, amma ba ya shiga. Sai ya gangara ya bi ƙorama ya tafi.

A shekarar 1989 wasu manoma daga ƙasar Illela suka je Yatenga, cikin Burkina Faso, ta hanyar wani aikin raya karkara da hukumar FIDA ta tallafa. Can suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramu a fako tun da rani, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki cikin kowane rami. Da suka komo gida suka gwada. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Cikin 'yan shekaru tassa ta bazu, har fakon da a da ko kyauta ba mai so ya zama abin saye da kuɗi.

Ruwan sama bai ƙaru ba, wurin tsayawa aka yi masa. Ilhama ma haka take. Tana sauka a kan kowa, a gona, a mashaya, a kasuwa, a gidan biki da gidan makoki. Ga yawancin mutane takan wuce kamar ruwa a kan fako. Marubuci shi ne wanda ya haƙa mata rami tun kafin ta zo.

Gidan malaman Maratta

Ba sai an je nesa ba wajen neman misali. Kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sun daɗe zaune a ƙasar Ƙonni. Shi kansa a Maratta aka haife shi, kusa da Galmi, a shekarar 1754, kafin iyayensa su koma Degel. Daga wannan gida aka sami marubuta waɗanda har yau ana karanta su.

Shehu ya rubuta littattafai da Larabci domin malamai. Amma da yawa cikin masu zuwa jin wa'azinsa makiyaya ne da manoma, ba su jin Larabci. Saboda haka ya riƙa tsara waƙoƙi da Fillanci. Daga baya 'ya'yansa, Nana Asma'u da Isa, suka mayar da wasu cikinsu Hausa. Abin da jama'a ba su sani ba, da abin da suke yawan tambaya, shi ke nuna masa abin da zai rubuta. Wato buƙatar mutane ita ce rijiya ta farko da marubuci ke ɗiba.

Ƙanensa, Malam Abdullahi na Gwandu, ya bar shaida mai amfani ga duk mai son sanin yadda waƙa ke samuwa. A shekarar 1813 ya zauna ya tara wasu daga cikin waƙoƙinsa na Larabci a littafi guda mai suna Tazyinul Waraƙati. Bai jera su haka kawai ba. Yakan faɗi abin da ya jawo waƙar tukuna, sa'an nan ya kawo ta. Wata ziyarar malami ce ta kawo ta. Wata rasuwar malami ce. Wata amsa ce ga wanda ya yi musu suka. Wata kuma yaƙin Tafkin Kwatto ne na 1804. Kowace tana da ranarta da dalilinta. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Nana Asma'u kuwa an haife ta a 1793. Ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba lokacin da aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Ta ga tafiya, ta ga yunwa, ta ga mutuwa. Abin bai bar ranta ba. Da ta girma sai ta tsara Waƙar Gewaye, ta bi sawun tafiye-tafiyen mahaifinta zango-zango. Da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, baƙin cikinta ya zama waƙa. Ta kuma san inda waƙoƙinta za su je. Ta naɗa wa mata shugabanni da ake kira jaji, su ke kai karatun ƙauyuka, 'yan taru su haddace.

Ta rasu a 1864. Takardunta suka zauna a gidan Waziran Sakkwato, waɗanda zuriyarta ne, ana adana su ana kwafe su, har aka buga su cikin babban littafi guda a 1997. Da ba ta rubuta ba, da kuma ba a adana ba, da yau sai dai a ce an taɓa yin wata mace mai ilimi, ba wanda ya san abin da ta faɗa.

Wanda ba ya gani, amma yana ji

Duk wanda ya saba cin kasuwa ya taɓa jin makafi na rera Imfiraji. Mai wannan waƙa shi ne Malam Aliyu Namangi na ƙasar Zazzau. An haife shi a 1894, ya rasu a 1990. Tun yana ƙarami ya rasa idanunsa. Da kunne ya yi karatu, da kunne ya san duniya. A ka yake tsara baitocinsa, ya riƙe su, sa'an nan ya faɗa wani ya rubuta.

Masana sun ce karin Imfiraji daga kiɗan caji ya ɗauko shi, wani kiɗan nishaɗi da ya yi tashe a zamaninsa. Ya ji karin ya shiga ran mutane, sai ya ɗauke shi ya zuba masa wa'azi. Abin da wani zai ji ya toshe kunne, shi ya ji ya gane ƙwarya ce mai kyau, abin zubawa kawai take jira.

A nan akwai darasi ga mutanen karkara. Makiyayin da ke wuni a daji ya san sunan kowace saniya da launinta da halinta. Ya san kukan tsuntsun da ke nuna damina ta kusa. Matar da ke daka tana da waƙar da ta gada daga kakarta. Ɗan kokowa na da kirarinsa. Dillalin kasuwar dabbobi ta Badagishiri na da zancen da yake sasanta mai saye da mai sayarwa. Waɗannan duka kalmomi ne masu ɗanɗano, ba a samunsu a ofis. Mai son rubutu ya fara koyon saurare. In tsohuwa ta yi karin maganar da bai taɓa ji ba, ya riƙe. In yara na wasa a dandali da farin wata, ya kasa kunne.

Aron iri

Wata hanyar samun ilhama ita ce karanta abin da wasu suka rubuta. Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, yana koyarwa a Katsina aka yi gasar rubuta littattafan Hausa a 1933. Ya shiga da littafinsa Ruwan Bagaja. Shi da kansa bai ɓoye ba cewa ya ƙaru da wani tsohon littafin Larabci mai suna Maƙamatul Hariri, wanda almajiran ilimi suka sani.

A 1936 aka ɗauke shi zuwa Zariya, ya yi kamar wata shida yana rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. An tara masa littattafan labarun Larabawa da na Indiya da na Turai. Ya karanta su, ya zaɓi waɗanda za su yi, ya sa musu rigar Hausa. Sarakunan ciki suka zama irin sarakunan ƙasar Hausa, da fadawansu da dogaransu. Ya sa aku ya zama mai ba da labari. Mai karatu ba ya jin ƙanshin baƙunci ko kaɗan.

Wannan daidai yake da abin da manoman Illela suka yi a Yatenga. Sun ga dabara, sun kawo ta gida, sun haƙa ta a tasu ƙasa da nasu hannu. Manomi kan roƙi iri wurin maƙwabci, amma a gonarsa zai shuka, da guminsa zai nome. Wanda ya shiga rumbun maƙwabci ya ɗauko dami ya ce shi ya noma, wannan sunansa daban. Haka yake a rubutu. A karanta a koyi dabara, halal ne. A kwashe rubutun wani a sa suna a kai, sata ce, kuma komai daɗewa asiri kan tonu.

Rumbun da ke bakin tsofaffi

Rijiya mafi zurfi a wannan yanki ita ce bakin tsofaffi. A shekarar 1975 masanin tarihi Jibo Hamani ya fito da littafi kan ƙasar Adar kafin zuwan Turawa. Ya duba tsofaffin takardun Larabci, ya kuma zauna gaban dattawa yana tambaya yana rubutawa. A ciki ya bayyana yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya karɓi Adar daga hannun Kabawa wajen 1674. Daga zuriyar Agabba ne sarakunan Adar na Illela suka fito. Yawancin dattawan da suka ba da labari a wancan lokaci sun kwanta dama, amma maganarsu na nan.

Ga wani misali da ya shafi Ƙonni kai tsaye. A shekarar 1899 wata rundunar Faransa, ƙarƙashin hafsoshi biyu, Bule da Shanuwan, ta ratsa ƙasar nan daga yamma zuwa gabas tana ƙone garuruwa. A watan Afrilu ta yi karo da Sarauniya a Lugu, cikin ƙasar Dogon Dutsi. A watan Mayu ta auka wa Birnin Ƙonni, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa.

A takardun sojojin labarin Sarauniya ɗan kaɗan ne. Wani marubucin Nijar, Abdulaye Mamani, ya ɗauki wannan ɗan guntu, ya haɗa da abin da ake faɗi a baki, ya ƙara da nasa tunani, ya fito da littafin Sarauniya da Faransanci a 1980. A 1986 aka mai da shi fim. A 1987 fim ɗin ya ci babbar kyauta a bikin finafinan Afirka na Wagadugu. Daga ɗan guntun labari sunan Sarauniya ya zaga duniya.

To, abin da ya sami Ƙonni a wannan shekara fa? Waɗanda suka gani da ido sun daɗe da rasuwa. Yawancin 'ya'yansu ma haka. Saura jikoki da tattaɓa-kunne, waɗanda suka ji daga bakin kakanni: ta ina aka shigo, ina mutane suka gudu, wane gida ya ƙare, wa ya tsira, yaya aka sake gina gari. A 2020 an fito da wani fim da aka ɗauka a kan hanyar da rundunar ta bi, wasu jikokin suka yi magana a ciki. Amma fim ɗaya ba ya ɗauke labarin gari guda. Baƙo kuma ba ya jin abin da ɗan gida zai ji. Kaka na gaya wa jikanta abin da ba ta gaya wa mai ɗauke da na'ura. Duk tsohon da aka kai makwanci ba a rubuta abin da ke bakinsa ba, an rufe shi tare da rumbu guda. Wannan aiki ba wanda ya fi dacewa da shi kamar jikan da ya koyi rubutu.

Abin da ya ci wa mutum rai

Akwai kuma rijiyar da ke cikin mutum kansa. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano an cire ta daga makaranta tana yarinya, aka yi mata aure. Daga baya ta koma karatu a ajin manya, irin wanda masu karatun wannan shafi suka sani. Da hannunta ya faɗa, sai ta rubuta abin da ta sani: zaman gidan miji, kishi, saki, da halin yarinyar da aka hana wa ilimi. A 1987 ta fito da Budurwar Zuciya. Bayansa ta fito da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? A 2012 aka fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci, aka buga shi a ƙasar Indiya.

Ba ta je neman labari wata ƙasa ba. Abin da ya ci mata rai shi ya zama jarinta. Manomin da fari ya cinye masa gona, makiyayin da ya tarar an nome burtali, matar da mijinta ya yi shekara biyar a Abijan ba aike, kowannensu na ɗauke da littafi a ciki.

Yadda ake tare ta

Ilhama ba ta sallama, ba ta kuma jira. Takan zo mutum na tsakiyar noma, ko yana bisa amalanke, ko ya farka cikin dare. In ya ce bari sai an jima, sai ya neme ta ya rasa. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Ga dabarun da kowa ke iyawa.

Na farko, a ware ƙaramin kaye guda domin wannan aiki kaɗai. Kada a haɗa shi da na lissafin bashi. A sa shi cikin leda saboda gumi da ruwa, a riƙa yawo da shi tare da bik. Malaman da suna da gafaka ta fata inda suke adana takardunsu. Kowa ya yi wa kansa tasa gafaka, ya rataye ta inda gara da ɓera da yara ba su kai.

Na biyu, a rubuta nan take, ko da kalma uku ce. Ba a neman kyan hannu a wannan lokaci. Kuskuren baƙi ba laifi ba ne, gyara na gaba. Abin da ake so shi ne a ɗaure dabbar tukuna.

Na uku, in hannu na cikin aiki, a yi irin ta Malam Aliyu Namangi. A maimaita maganar a baki, a sa mata kari, har a iso gida. Wanda ke da waya mai ɗaukar murya ya faɗa mata. Amma kada a bar ta a waya. Waya na faɗawa rijiya, ana sace ta, tana mutuwa. Da dare a mayar da abin cikin kaye.

Na huɗu, a yi irin ta Malam Abdullahi. A rubuta rana da wuri da dalili. In daga bakin wani aka ji, a rubuta sunansa da garinsu, da wanda shi ma ya ji daga gare shi.

Na biyar, in za a je wurin tsoho, a je da ladabi. A gaishe shi, a kai ɗan goro, a faɗa masa abin da za a yi da maganarsa, a nemi izninsa. Kada a katse shi. In ya ce wannan ba ta rubutawa ba ce, a ajiye bik. In aka ji labari guda daga baki biyu ya saɓa, a rubuta duka biyun, kowane da mai shi.

A nan sai a lura da abu guda. Tarihi daban, ƙagaggen labari daban. Littafin Jibo Hamani tarihi ne, ba a ƙara masa gishiri. Littafin Abdulaye Mamani ƙagaggen labari ne da aka gina a kan abin da ya faru. Kowanne na da amfaninsa. Amma marubuci ya faɗa wa mai karatu wanne ya ba shi.

Yadda ake renonta

Mai garkar albasa a Galmi ya san ba a watsa iri yau a ɗebe gobe. Ana fara renonsa a ɗan ƙaramin fangali. In ya yi ƙwari a cire a dasa. A yi ta ban ruwa har wata da watanni, sa'an nan a kai rudu. Abin da ke cikin kaye iri ne, bai zama albasa ba tukuna.

Bayan kwana bakwai ko goma, sai a buɗe kaye a sake karantawa. Wani abin da ya yi daɗi ranar farko, za a ga ba shi da komai. A bar shi. Wani kuma za a ji har yanzu yana motsi a rai. Shi za a dasa a sabon shafi, a faɗaɗa shi. A tambayi kai: wa ya yi? A ina? Me ya jawo? Me ya biyo baya? Wa za a karanta wa?

Ban ruwa kuma kullum ne. Layi biyar kowace rana sun fi shafi goma rana ɗaya a shekara. Kowa ya zaɓi lokacinsa: bayan sallar asuba, ko da rana a inuwa lokacin da dabbobi suka kwanta, ko da dare bayan yara sun yi barci. Rani ya fi damina sarari, sai a ci moriyarsa.

Sai ragewa. Manomi ba ya barin duk geron da ya tsiro a rami guda. Yakan cire wasu don sauran su yi ƙarfi. Haka marubuci ke cire maganar da ta maimaitu, da wadda ba ta kai ko'ina, ko da yana sonta.

Sai karantawa a fili. A tara abokan aji, ko mutanen gida, a karanta musu da ƙarfi. A duba fuskokinsu. Inda suka yi tsit, wurin ya yi. Inda suka fara hira, wurin na son gyara. Inda harshen mai karatu ya sarƙe, jimlar ce ba ta miƙe ba. Kada a ji haushin gyara. Ko Abubakar Imam, lokacin da yake rubuta Magana Jari Ce, akwai mai duba masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani lokaci kuma rijiya kan ƙafe. Mutum ya zauna da bik a hannu, ba abin da ke zuwa. Wannan ba abin tsoro ba ne, kowane marubuci na gamuwa da shi. Gona ma akan bar ta saura ta huta. Makiyayi in ciyawa ta ƙare ba ya zama yana kuka, gaba yake yi. A ɗauki littafin wani a karanta. A je kasuwa a saurara. A ziyarci wata tsohuwa. Ruwa zai dawo.

Abin da ke jiran alƙalami

Wannan yanki cike yake da labarin da ba a rubuta da Hausa ba. Akwai dattawan da suka ga farkon masana'antar siminti ta Malbaza a shekarun 1960. Akwai waɗanda suka ga yadda aka yi madatsun Mozage da Zango, ruwa ya iso fadamar Ƙonni. Akwai waɗanda suka raka albasar Galmi har Kumasi da Abijan. Akwai makiyayan da suka rasa garke a farin 1973 da na 1984, suka sake tashi daga akuya biyu. Akwai 'yan kasuwar Ƙonni da suka ga rufe iyaka a 1984, suka sake ganinsa a 2019 da 2023. Akwai manoman da suka haƙa tassa ta farko ana yi musu dariya. Akwai sunayen tsofaffin irin gero da wake, da sunayen rijiyoyi da burtali, da magungunan dabbobi, da waƙoƙin niƙa waɗanda injin niƙa ke kora.

Wanda ya gama rubutunsa kada ya ɓoye. Ya karanta a aji. Ya kai gidan rediyon karkara. Ya aika wa jarida. Mata kuma su sani cewa a 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar gajerun labarai ta mata mai suna Hikayata. In ma ba a buga ko'ina ba, a ajiye wa jikoki. Takardun Nana Asma'u sun fi shekara ɗari suna jira kafin a buga su.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke da kaka ko kakan da ke raye, ya sayi kaye a kasuwa mai zuwa, ya je ya zauna gabansu tun suna iya magana. Allah ya ƙara basira, ya ba da damina mai albarka, ya sa alƙalamin manomi da na makiyayi ya amfani na baya. Amin.